Sirrin Gida da Zaɓin Iyaye a Ƙagaggen Labari: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin masu fara rubuta labarin iyali, wasu kuma daga masu karatu da suka rufe littafi suna jin an yi musu wayo. An faro daga masu sauƙi zuwa waɗanda suke bukatar zama.

Me ya sa labaran iyali suke yawan jingina da wani sirri?

Saboda yaro yana tasowa ne ya tarar an riga an yanke hukunci da yawa a kansa ba da saninsa ba: wa zai riƙe shi, sunan wa zai ci, allo za a kai shi ko boko, wa za a nuna masa a ce ga ubanka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya a kan abin da aka ɓoye, duk abin da yaron ya sani game da kansa yana iya girgiza rana ɗaya. Marubuci yana samun abin da zai riƙe mai karatu, yana kuma samun dalilin da ya sa mutanen labarinsa suke da halin da suke da shi. Na biyun ya fi na farko daraja nesa ba kusa ba.

Abin ba sabo ba ne a adabinmu. A cikin littattafan farko da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, akwai wanda ya ginu a kan yaron da aka raba da mahaifiyarsa, akwai kuma wanda ɗa ya kwashi alhakin auren da ubansa ya ƙwace da ƙarfin dukiya. Da rubutun Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, mata marubuta suka shigo da labarin har tsakar gida, inda irin waɗannan abubuwa suke kwana suna tashi.

A gidan Bahaushe mai cike da jama'a, ta yaya za a ɓoye abu har shekara ashirin?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce mabuɗin yawancin abin da zai biyo baya. A gidajenmu, sirri ba lallai ne ya zama abin da ba wanda ya sani ba. Sau da yawa kowa ya sani, sai mutum ɗaya. Goggo ta sani, matan makwabta sun sani, wanzamin da ya yi askin suna ya sani, limamin da ya raɗa sunan ya sani. Kara da kunya da rufin asiri su suke ɗaure bakin mutane, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya faɗa, shi za a zaga, ba wanda ya aikata ba.

Bari mu ɗauki misali guda da za mu riƙa komawa gare shi. A ce akwai yarinya mai suna Rabi, ana ce mata Auta a gidan Malam Idi. Tana kiran matarsa Inna, ta ɗauka ita ta haife ta. Amma wadda ta haife ta ita ce Halima, babbar 'yar gidan, wadda Rabi take kira Anti. An saki Halima da ciki, mijin ya yi kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ta haihu a gida. Bayan yaye sai wani manemi ya fito daga wani gari, danginsa ba sa son mace mai ɗa. Malam Idi ya ce a bar yarinyar a ɗakin Inna, kada kowa ya sake tayar da maganar. Riƙon jika abu ne da aka saba gani, don haka ba wanda ya ga baƙon abu. Abin da aka ƙara kawai shi ne shiru, shirun kuma ya daɗe har ya koma kamar gaskiya.

Kada ka wahalar da kanka wajen ƙirƙiro yadda aka rufe idon unguwa gaba ɗaya. Ka nuna mana yadda unguwar ta yarda ta kau da kai.

Ta yaya sirri zai gina halin mutum alhali shi bai ma san da shi ba?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne marubuta da yawa suke wucewa da gudu don su isa ranar fallasa. Yaro ba ya bukatar a gaya masa magana kafin ya ji nauyinta. Rabi ta taso tana ganin hira tana yankewa idan ta shigo ɗaki. Tana ganin Inna ba ta taɓa dukanta kamar yadda aka ce ta daki yayyenta, amma kuma ba ta sakin jiki da ita. Tana ganin Malam Idi yana saurin fusata duk ranar da aka ambaci sunan wani gari. Ba ta san dalili ba, sai ta yi wa kanta bayani irin na yara: wataƙila ni ce mai laifi. Daga nan hali yake fitowa. Tana iya zama mai yawan neman yardar mutane, mai ba da haƙuri tun ba a ce ta yi laifi ba, mai karantar fuska kafin ta buɗe baki. Tana iya kuma zama akasin haka, mai kafiya da binciken ƙwaƙwaf, wadda ba ta yarda da amsar farko.

Dubi wannan ɗan zama. Rabi tana tsince shinkafa a gefen Inna, sai ta ce, "Inna, wai ni me ya sa Anti Halima ba ta kiran sunana? Kullum sai dai ta ce ke 'yar nan." Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke dai da tambaya. Tashi ki duba mini wutar can." Wutar kuwa lafiyarta ƙalau. Ba a faɗi komai ba, amma Rabi ta koyi cewa akwai tambayoyin da suke sa a aike ta. Idan ta girma ta zama matar da ba ta iya tambayar mijinta inda ya kwana, mai karatu ya san inda abin ya samo asali.

Gwajin da nake ba masu rubutu shi ne su cire babin fallasa gaba ɗaya su ajiye a gefe. Idan halin tauraron bai nuna wani rauni ko wata karkata ba a sauran babobin, to sirrin bai yi aiki a jikinsa ba tukuna, an liƙa shi ne kawai a ƙarshe.

Dole ne uba ko uwar da suka ɓoye gaskiya su zama mugaye?

A'a, kuma labarin ya fi ciwo idan ba mugaye ba ne. Mugun uba mai zare ido da kishiyar uwa mai bin bokaye sun cika littattafanmu, har mai karatu yana iya faɗin abin da za su yi tun daga shafi na biyu. Malam Idi bai tsani Rabi ba. Yana da 'ya mai ƙuruciya zaune a gida da saki, yana da ƙannenta mata da suke tasowa, yana tsoron bakin mutane, ga kuma rufin asiri ya zo har ƙofar gida da sharaɗi guda. Ya zaɓi abin da yake gani zai ceci 'yarsa, jikarsa ta biya farashin. Wannan zalunci ne, bai kamata marubuci ya wanke shi ba, domin an raba yarinya da sunan mahaifinta da danginsa. Amma zalunci ne da ya fito daga tsoro da soyayya, irin wanda mai karatu zai iya hango kansa a ciki.

Kafin ka rubuta irin wannan uba, ka amsa wa kanka: me yake tsoron rasawa, wace hanya ce ta biyu da ya gani ya ƙi bi, kuma me ɓoyon ya ci masa shi ma? Uwar da ta yi shekaru tana kawo wa 'yarta atamfar Sallah a matsayin yaya, tana komawa garin mijinta ba tare da ta ji an kira ta uwa ba, ita ma tana biya kullum. A ba ta shafinta.

Auren dole bai tsufa ba a matsayin zaɓin iyaye?

An rubuta shi da yawa, gaskiya ne, amma abin da ya tsufa shi ne tsayawa a kan kukan amarya. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne dalilin da uban ya ɓoye: bashin da ake binsa, alkawarin da ya ɗaukar wa amininsa, ko halaccin da wani ya yi masa a lokacin ƙunci. Akwai kuma wasu zaɓuɓɓukan da suke jiran marubuta: uban da ya tura ɗa ɗaya almajiranci ya bar ɗaya a boko, uwar da ta zauna a gidan da ba ta jin daɗi don 'ya'ya sannan ta riƙa tuna musu, mahaifin da ya yi aure a wani gari bai gaya wa kowa ba.

Yaushe ya kamata mai karatu ya san sirrin?

Hanya biyu ce, kowacce da abin da take bayarwa. Idan ka ɓoye wa mai karatu har ƙarshe, za ka samu girgiza ta babi ɗaya. Idan ka sanar da shi tun farko ka bar tauraron cikin duhu, za ka samu fargaba ta littafi guda, domin duk lokacin da Rabi ta ce "Anti", mai karatu zai ji abin a ƙirjinsa. Ni na fi karkata ga ta biyun a labarin iyali, don tana ba ka damar shiga zuciyar iyayen, abin da muka yi magana a kai a tambayar da ta shafi mugunta.

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad suna da wata matsala ta daban. Masu karatu suna hasashe kullum, kuma a cikin mutum ɗari sai an samu wanda ya canka daidai. Kada hakan ya sa ka sauya sirrin a tsakiyar tafiya don ka ba su mamaki. Duk alamun da ka dasa a baya za su zama ƙarya. Wanda ya canka daidai ya nuna cewa ginin naka yana da tushe.

Wace irin alama zan dasa ba tare da na tona asirin da wuri ba?

Al'adarmu ta ba ka kayan aiki da yawa. Alkunyar ɗan fari tana gaba: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Yayar da take kauce wa sunan ƙanwarta tana nuna wani abu ga duk wanda ya san gida. Sunaye ma suna ba da labari. Audi yaro ne da mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, Talle wanda aka tallafa bayan rasuwar uwa, Gambo mai bin tagwaye, Tanko namijin da ya biyo bayan mata. Idan ana kiran yaro Gambo a gidan da ba a taɓa ambatar tagwaye ba, ka riga ka buɗe ƙofa. Haka tazarar shekaru tsakanin Rabi da wanda take bi, haka kamannin da baƙuwa za ta fara ambata sai a taka mata ƙafa, haka wasan jika da kaka da zai suɓuce wa Malam Idi rana ɗaya ya yi saurin gimtse fuska.

Ka sa alamar a cikin wani abu da yake faruwa, kada ka tsayar da labari don ka nuna ta. Kuma kada ka bi ta da "amma ita ba ta san dalili ba". Wannan jimla ta kashe alamu masu kyau da yawa.

Ta wace hanya asirin zai tonu ba tare da ya zama kamar an tilasta shi ba?

An gaji da laɓewa a bayan labule, da tsohon kundi a ƙasan adaka, da furucin gargara da mai magana yake cikawa kafin ya ƙarasa. Ba haramun ba ne, amma duk sa'a ce take kawo su. Fallasa mai ƙarfi ita ce wadda rayuwa da kanta take tilastawa, kuma a wurinmu akwai lokuta biyu da ƙarya game da nasaba ba ta iya wucewa: ɗaurin aure da rabon gado.

Koma ga Rabi. Malam Idi ya rasu, an yi sadakar bakwai, an zauna da malamin da zai raba gado. Ya ce a lissafo magada. Jika ta wajen 'ya mace ba ta gadon kakanta a inda 'ya'yansa suke. Yanzu babban wa yana tsakanin abu biyu: ya sa sunan Rabi a ci haƙƙin da ba nata ba, ko ya tsallake ta a gaban jama'a. Ya karanto sunaye, ya tsaya. Rabi tana bayan ƙofa tare da mata tana jiran nata. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya suma, amma an gama faɗa mata. Haka a wurin aure: wa zai zama waliyyinta, kuma 'yar wa za a ce ana aurarwa?

Zamani ya ƙaro wata hanya. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini mai nuna sikila. Iyaye biyu masu AA, wato waɗanda ba su ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ba sa haifar mai AS, wato mai ɗauke da ita, don haka takardar asibiti tana iya tayar da tambayar da aka binne. Idan kuma masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Uwar da ta ɓoye sakamakon gwaji don kada auren zumunci ya fasa ta yi zaɓin da jikokinta za su ɗauka a jikinsu.

Waɗanne hukunce-hukuncen shari'a ne marubuta suke yawan kuskurewa a nan?

Masu karatunmu sun san addini, kuskure ɗaya yana iya zubar da littafi a idonsu. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, agola ma ba ya gadon mijin uwarsa. Ana iya yi musu kyauta tun ana raye, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan iyayensu maza, shi ya sa abin da Malam Idi ya yi yake da nauyi fiye da al'ada kawai. Ɗan da aka haifa bayan wata shida ko fiye da ɗaura aure ana jingina shi ga mijin, kuma miji ba ya kore shi da zargin baki, sai ta hanyar li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata, da Suratun Nur ta bayyana. Wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba yana gadon mahaifiyarsa.

Shayarwa ita aka fi birkitawa. A mazhabar Malikiyya ko kaɗan ne nonon da ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa yana haramta aure. Yaron da ya sha ya zama ɗan'uwan duk 'ya'yan matar, amma wansa ko ƙanensa da ba su sha ba suna iya auren 'yarta. A gado kuwa, matan mamaci suna raba tumuni (ɗaya cikin takwas) tsakaninsu idan akwai ɗa ko 'ya, rubu'i (ɗaya cikin huɗu) idan babu. Ga wani hukunci da yake ɗauke da labari guda a cikinsa: mutumin da ya bar 'ya'ya mata kaɗai, 'yan'uwansa maza suna samun abin da ya rage bayan kason matan da 'ya'yan. Idan ɗa namiji ya bayyana daga auren da aka ɓoye, baffannin ba su da komai. Ka ga dalilin da zai sa wani baffa ya rantse bai taɓa jin labarin yaron ba. Duk da haka, kafin ka buga babin da ya shafi hukunci, ka kai wa malamin da ya san fannin ya duba maka.

'Yan gida ɗaya, sirri ɗaya: dole ya shafe su iri ɗaya?

Ko kusa. Babban wa da yake da wayo lokacin da abin ya faru ya zama mai gadin sirrin, ya taso da nauyin da bai nema ba. Wadda take sa'ar Rabi tana iya tasowa da haushin gatan da ake yi wa Auta ba tare da ta san cewa tausayi ne. A gidan da ake 'yan ubanci kuma, sirrin ɗaki ɗaya makami ne a hannun ɗayan ɗakin, ana ajiye shi sai ranar gori.

Bayan asiri ya tonu, dole tauraron ya yafe? Ina biyayya ga iyaye?

Marubuta da yawa suna tsoron wannan wuri, sai su sa kowa ya fashe da kuka, a rungumi juna, a rufe littafi a shafi biyu. Wannan yana rage wa ciwon daraja. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "uf", don haka tauraron da ya tashi da tarbiyya ba zai zagi uwarsa ba. Amma rashin zagi daban, warkewa daban. Bahaushe yana da hanyoyin nuna ɓacin rai da ba su taɓa ladabi: gaisuwar da ta gajarce, daina cin abinci a kwano ɗaya, zama a bakin ƙofa maimakon gefen gado. Rabi za ta ci gaba da durƙusawa ta gaida Inna, amma hirar dare ta mutu. Halima za ta kira ta a waya, su yi shiru su biyu, domin Rabi ba ta san da wane suna za ta amsa ba.

Yafiya tana iya zuwa, kuma a labarin da ya fito daga cikin al'ummarmu sau da yawa tana zuwa. Abin da ake bukata shi ne ta ɗauki lokaci, kuma wanda ya yi laifin ya motsa. Malam Idi ya tafi, ba zai nemi gafara ba, wannan ma wani nauyi ne da Rabi za ta koyi ɗauka. Inna tana nan, za ta iya buɗe baki ta faɗi sunan mahaifin yarinyar da garinsu. Ko Rabi za ta je neman dangin ko ba za ta je ba, halin da ka gina mata tun farko shi zai yanke, kamar yadda aka yi bayani a tambayar da ta shafi ginin hali.

Zan iya amfani da sirrin gidanmu na gaske?

Abin da ka ji a zuciyarka naka ne, kana da ikon rubuta shi. Amma sirrin kansa ba naka kaɗai ba ne. Akwai mutanen da suke raye, akwai yara da ba su ji ba su gani ba, waɗanda maganar aurensu za ta iya lalacewa saboda labarin da ya yaɗu a wayoyi cikin dare ɗaya. Addini ya kwaɗaitar da suturta ɗan'uwa, kuma kiran abu ƙagaggen labari ba ya cire shi daga tonon silili idan kowa ya gane wanda ake nufi.

Ka ɗauki ciwon da shirun da yadda ake kauce wa ido, ka bar mutanen. Sauya gari, sauya sana'a, sauya yawan 'ya'ya da jerin haihuwarsu, mai da namiji mace, ka kuma sauya ainihin abin da aka ɓoye zuwa wani mai nauyi irin nasa. Idan 'yar goggonka za ta karanta shafi uku ta kira ka a waya ta ce ai wannan wance ce, sauyin bai isa ba, ka koma ka sake kafin ka saki shafi na gaba.